Wa ke riƙe da kalangun? Gardamar tsoffin waƙoƙi a Damagaram

Daren Alhamis da ya wuce, a wata fada, wato majalisar shan shayi, da ke bakin lungu cikin Birni, an ɗora shayi na biyu kenan sai wani yaro ya kunna tsohuwar waƙa a salularsa. Kalangu ya fara shigowa, murya ta biyo baya. Kafin a sauke buta gardama ta kaure. Kowa ya yarda Shata ne, a nan babu musu. Inda aka rabu shi ne shekarar da aka yi waƙar, da kuma ko wannan ce ta asali. Wani ya rantse wadda ya sani ta fi wannan tsawo, har da sunan wani alhaji da bai ji an ambata ba a nan. Wani ya ce ai wannan ta gidan rediyo ce, waccan kuwa a wurin biki aka ɗauke ta. Can sai wani dattijo da ke kishingiɗe a kan tabarma, wanda tun farko bai ce uffan ba, ya ɗago kai ya ce, "Ƴaƴana, kun cika mu da zancen shekara. To wa ke riƙe da kalangun nan da kuke ji?" Wuri ya yi tsit. Mu goma sha biyu ne, kowa yana ji da kansa a sanin Shata, amma aka rasa wanda zai kawo ko suna ɗaya.

Tambayar nan ta bi ni har gida. Irin wannan gardama ba baƙuwa ba ce a Damagaram. Ana yin ta a tasha, ana yin ta a rumfunan kasuwar Dole, kuma kullum a wuri ɗaya take tsayawa: kowa ya tashi da nasa. Na daɗe ina ɗauka rashin sani ne kawai. Da na zauna na duba, sai na ga dalilin yana cikin yadda aka yi waƙoƙin, da kuma hanyar da suka biyo kafin su iso kunnenmu. A kan wannan doguwar hanya abubuwa da yawa sun zube, kuma sunayen masu kiɗa ne suka fara faɗuwa.

Mu fara da zancen shekara. Mai tambayar "a wace shekara waƙar ta fito" yana ɗauka an yi ta sau ɗaya ne, an rufe, an kai kasuwa. Waƙar baka ba haka take rayuwa ba. Abin da yake tsayayye a cikinta shi ne gindi, wato amshin da ake komawa gare shi, da kuma karin kiɗan. Ɗiyan waƙa kuwa suna shiga suna fita. Makaɗi ya je gidan suna a Zango ya tarar da wani attajiri, sai ya saƙa masa ɗa biyu nan take. Bayan wata uku ya je Matamaye, attajirin ba ya nan, sai a cire shi a sa wani. Wanda ya yi alkawarin riga bai cika ba, a wasa na gaba habaici zai ji a gurbin yabo. Shi ya sa Bakandamiyar Shata, wadda ya yi ta maimaitawa tsawon rayuwarsa, take da ɗauka fiye da ɗaya, kuma ba su zo daidai da juna ba. Mutum biyun da suka yi ta rantsuwa a fadarmu, mai yiwuwa kowannensu gaskiya ya faɗa. Abin da za a iya sa wa shekara shi ne ɗauka: ranar da wani ya kafa na'ura a gaban makaɗi. Ita waƙar sau da yawa ta girmi ɗaukarta da shekaru.

Ita ma na'urar tana da hannu a siffar abin da muke ji. Tsohon faifan garmaho minti uku da ɗoriya yake ci a kowace fuska, don haka waƙar da ake kwana ana yi a dandali dole a matse ta, a zubar da kirarin sanƙira, a rage amshi. Da babban faifai ya zo, irin waɗanda kamfanin EMI ya buga wa Shata da Ɗan Maraya Jos, fuska ɗaya ta kai kusan minti ashirin, makaɗi ya sami wurin numfashi. Gidan rediyo kuma yana da nasa awo, gwargwadon lokacin da aka ware wa shiri. Sai kaset, wadda ta cika gari daga shekarun 1970, mai minti 60 ko 90. Ita ce ta fi kusa da yadda ake wasa a fili, domin kowa yana iya ajiye rikoda a gefen tabarma ya danna. A cikinta za ka ji guɗa, ka ji kukan jariri, ka ji ana kiran sunan mai liƙi.

Ina tuna wani mai kaset da muke zuwa wurinsa muna yara. Rumfa ce ƴar ƙarama, rikoda mai baki biyu a kan tebur, kwalaye jere har rufi. Ka kawo kaset ɗinka fara, ka faɗi wanda kake so, ya zaro uwar kaset daga ƙarƙashin tebur ya juya maka. In ya gama sai ya ɗauki biro ya rubuta kalma ɗaya a jikin takardar: sunan mawaƙi. Wani lokaci ya ƙara da sunan wanda aka yi wa waƙar farko. In wuri ya rage a ƙarshen fuska ta biyu, ba ya barin shi fanko, sai ya cike da waƙar wani daban mai irin wannan kiɗa, ba tare da ya rubuta ba. Alheri yake yi maka, amma daga nan ne rikici mai yawa ya samo asali. Yaron da ya tashi da wannan kaset zai girma yana rantsuwa cewa waƙar ƙarshen nan ma ta mai sunan da ke jikin takarda ce. Uwar kaset ɗin ita ma juyi ce daga wata da aka sayo a Kano, waccan kuma daga rediyo aka ɗauke ta, an yanke bayanin mai gabatarwa don kada ya ci wuri. Yau samarin da ke zaune da kwamfuta suna loda wa mutane waƙoƙi a katin salula sun gaji wannan aiki, kuma ko kalma ɗayan nan ta biro takan ɓace. Sai ka ga an rubuta "tsohuwar waƙa 7".

Duk da haka mai kunne yana da hanyar kusantar gaskiya, domin waƙoƙin suna ɗauke da shaidarsu a ciki. Makaɗin Hausa ba ya waƙa a iska, mutane yake kira, da muƙamansu da abin da suka ba shi. A waƙar fadar Damagaram, in ka ji ana yi wa Barma Mustafa addu'ar tsawon rai, ka san asalin waƙar bai wuce 1950 ba, shekarar da mulkinsa ya ƙare. In Umaru Sanda ne a kan gado, tsakanin 1950 da 1978 kake. A 1978 kuma zamanin Abubakar Sanda ya fara. Waƙar da ke kiran Jori Hamani shugaban ƙasa ta riga 15 ga Afrilun 1974, ranar da sojoji suka kifar da shi. Wadda ke zuga Sawaba a fili ta fi kama da ta kafin 1959, lokacin da aka haramta jam'iyyar. A ƙetaren iyaka, wadda ke gaida Sardauna yana raye ta riga Janairun 1966, wadda kuma ta ambaci jihar Katsina ba ta riga 1987 ba.

Kuɗi ma agogo ne, sai dai a yi hattara da shi. Naira ta shigo a Janairun 1973, don haka duk ɗaukar da aka ji naira a ciki ta biyo bayan wannan lokaci. Amma jin "fam" ba ya tabbatar da cewa waƙa ta riga 1973, saboda mutane sun ci gaba da kiran naira biyu fam har shekaru masu yawa. A wajenmu kuma, in ka ji makaɗi yana sa wa mutum albarka don ya ba shi jaka ɗaya, wato sefa dubu, kamar ya ba shi doki, ka san ana maganar zamanin da jaka take jaka, tun kafin a karya darajar sefa a Janairun 1994. Akwai tarko guda: makaɗi yana iya riƙe tsohon ɗan waƙa ya ci gaba da rera shi bayan mai sunan ya rasu. A nan sai a saurari addu'ar da ta biyo sunan. "Allah ya ja zamani" da "Allah ya jiƙan" ba lokaci ɗaya suke nunawa ba.

Kayan kiɗa kuma su ne ke raba gardamar "wane ne wannan" tun kafin a buɗe baki. A da kowane kiɗa yana da gidansa. Tambari da kakaki da algaita na sarauta ne, talaka ba ya kiran su bikinsa. Kotso da taushi da jauje na makaɗan fada ne, shi ya sa jin kotso yake kai hankali ga Narambaɗa ko Ɗanƙwairo, taushi kuma ga Salihu Jankiɗi. Dundufa ta maƙera ce. Garaya tana tafiya da ƴan bori. Kalangu asalinsa na mahauta ne, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan ƙaho a garin nan ya ji shi a gidansa na gado. Shata ne ya ɗauke shi ya shiga da shi ko'ina, daga gidan direba har gidan sarki. Kukuma ta Ahmadu Doka da Hassan Wayam ce, gurmi na Haruna Uji, ƙwarya ta Barmani Coge da Uwaliya Mai Amada. Kuntigi kuwa, ɗan gwangwanin nan mai tsarkiya ɗaya, da ka ji shi da murya ɗaya tilo babu amshi, zuciya Jos take tafiya. Wanda ya riƙe wannan ba zai ba Shata waƙar kotso ba, ko da me aka rubuta a jikin kaset.

Yanzu sai tambayar dattijon. Ɗan Maraya shi kaɗai yake, shi ne murya, shi ne kiɗa, don haka sunansa ya biya komai. Sauran kuwa ƙungiya ce. A bayan mai waƙar kalangu akwai mai uwar kalangu, akwai masu ƙananan ganguna da ke riƙe masa zango, akwai ƴan amshi, akwai sanƙira da ke tsallako da kirari yana bayyana wa jama'a wanda ake nufi. Aikin mai kalangu ya wuce riƙe kari. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, shi kuma kalangu in an matse tsarkiyarsa a hammata sai murya ta hau, in an sassauta ta sauka, saboda haka yana faɗin magana. Take da kalangu ake yin shi, mai shi ya ji daga nesa ya san da shi ake. Sau da yawa mai kalangu yakan riga mawaƙi hango wanda ya shigo fili, ya kaɗa masa takensa, mawaƙi ya ɗauka daga nan. Rabin abin da ke sa tsikar jikinmu tashi a waɗannan waƙoƙi daga wannan hannu yake fitowa.

A kiɗan fada abin ya fi haka zurfi. Ƴan amshin Shata amshi suke maimaitawa, shi ke zuba ɗiya. Amma a wurin Narambaɗa da Ɗanƙwairo, uban kiɗi yakan fara layi ya sake shi a tsakiya, ƴan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ta jan ɗan waƙa su kaɗai shi yana hutawa. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna a gida an tsara tare, an haddace tare. Muryoyin da muke yabawa a waɗannan kaset, kaso mai yawa nasu ne. Shi kansa Musa Ɗanƙwairo ta wannan ƙofa ya shigo: ya yi wa mahaifinsa amshi, ya yi wa yayansa Kurna, kafin ragama ta zo hannunsa. Da ya rasu yana ɗan amshi, da yau ba mai kiran sunansa a fada. In kyauta ta zo, doki ne ko riga, daga baya mota da kujerar Makka, sunan uban kiɗi ake shelantawa, rabo kuma sai an koma gida. Mai kamfanin faifai da ma'aikacin rediyo suka tarar da wannan tsari suka bi shi yadda yake. Haka ma muka yi da waƙoƙin Indiya da muka taso muna kallo a silima: muka ba ɗan wasan da muke gani waƙar, alhali muryar ta Mohammed Rafi ce ko Lata Mangeshkar.

Akwai wani abu da ya fi damuna, kuma namu ne na gida. A daren nan, yaron da ya kunna waƙar ya san Shata ya rasu a Yunin 1999, ya san a Daura aka binne shi, ya san Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Wani ya ƙara da cewa Ɗan Maraya sunansa Adamu Wayya, ya rasu a 2015. Da dattijon ya ambaci Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar da ke tafiyar minti biyar daga inda muke zaune, sai zance ya taƙaice. Sun san sunan, sun san babba ne, nan aka tsaya.

Wannan yana da dalilai, kuma ba laifin yaran ba ne. Kano tana kusan kilomita 240 daga nan, Yamai kuwa kusan 900. Tun da aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram aka kai Yamai a 1926, duk abin da gwamnati ta tara can yake tafiya, amma kasuwarmu da kunnenmu kudu suke kallo. Gidan rediyon ƙasa da aka buɗe a 1958, wanda ya zama Muryar Sahel, harsuna da yawa yake raba wa lokaci, ga Faransanci a gaba. Rediyon Kaduna da ya fara a 1962 kuwa Hausa yake zubawa safe da dare, kuma ana kama shi a nan. Fatake da direbobi suna dawowa daga Kano da kaset a aljihu. Sannan can an rubuta. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a Amurka a kan Shata, Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya bi makaɗa gida-gida ya tattara tarihinsu, ɗalibai kuma suna ta rubuta kundaye da Hausa. Abin da aka rubuta a kan namu makaɗa galibi da Faransanci ne, yana ɗakunan karatu a Yamai, muryoyinsu kuma suna kan tsoffin zarurrukan ɗauka a ma'ajiyar rediyo da cibiyoyin bincike irin su IRSH da CELHTO. Mai shayi a Birni ba ya isa can. Ɗan Gurmu na Tawa ya ci sa'a an sa wa gasar kiɗa ta ƙasa sunansa, Alhaji Taya an sa wa cibiyar koyon kiɗa ta Yamai nasa. Suna ya tsira, amma ka tambayi wa ke bayansu a fagen wasa.

Waƙoƙin zamanin samariya, wato ƙungiyoyin matasa na lokacin mulkin soja, su ma haka suka tafi. A 1976, ƙarƙashin Seyni Kunce, aka yi bikin matasa na ƙasa karo na farko, kuma a nan Damagaram aka yi shi, kafin ya riƙa zagaya manyan biranen jihohi. Ƙungiyoyi daga Magarya, Mirya, Tanut, Gure da Matamaye suna karawa don a fitar da masu wakiltar jiha. Waƙar da ta yi nasara rediyo zai yi ta sa ta shekara guda, har yara su haddace. Amma da sunan gari ake kiranta. Malamin lakwal ɗin da ya tsara kalmomin, da yarinyar da ta ja waƙar da muryar da har yau iyayenmu mata suke tunawa, da saurayin da ya kaɗa ganga, duk sun shige cikin sunan garinsu. Da yawansu suna nan da rai, sun zama kakanni a unguwanninmu, muna gaisawa da su a wurin suna da jana'iza.

Mamman Barka ya nuna abin da mutum ɗaya zai iya. Ɗan yankin Tesker ne, a jihar nan, malamin makaranta ne da ya yi suna da gurmi. A 2002 ya sami tallafin UNESCO, ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna a gaban Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne na ƙarshe da ya iya biram, abin kiɗan masuntan Buduma mai tsarkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya koya, tsohon ya miƙa masa biram ɗinsa. Da faifansa ya fito a Ingila a 2009, an faɗi sunan malaminsa, an kuma rubuta sunan mai kiɗan da ke tare da shi, Umaru Adamu. Barka ya rasu a Nuwamban 2018, amma wanda ya tambaya yau wa ya kaɗa masa, akwai amsa a rubuce.

Washegari bayan la'asar na koma lungun, na tarar da dattijon a ƙofar gidansa yana gyaran igiyar guga. Na gaishe shi, na ce, "Baba, tambayar jiya ce ta dawo da ni." Ashe a ƙuruciyarsa ya yi shekara shida yana bin wani mai kalangu na nan gari zuwa bukukuwan ƙauye, shi ke ɗaukar ƙaramar ganga. Ya lissafa mini mutanen ƙungiyarsu ɗaya bayan ɗaya, da inda kowa yake tsayawa, da wanda ya rasu a Kano, da wanda ya bar kiɗa ya koma sayar da fata. Na kunna salula na ɗauka, na rubuta ranar da sunan unguwa. Sannan ya ce in sa masa waƙar jiya. Ya karkata kunne, ya ɗaga yatsa. "Bar muryar, ɗana, bi ƙasa. Ka ji babban? Shi ke magana. To saurari wancan siririn da ke bayansa, ba ya hawa ba ya sauka. In ya yi kuskure sau ɗaya, duk sai su watse." Na fi shekara talatin ina jin wannan waƙa, sai ran nan na ji ganguna uku a cikinta, kowace da hannun da ke kanta. Ya ce in dawo ran Asabar, zai aika a kira wani abokinsa a Garin Malam wanda ya yi amshi a bikin 1976.